ALLURAR BOTOX: GUBAR DA AKE SAYAR WA MASU GUDUN TSUFA

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar ga 'yan'uwa matasa a wajen zaman ƙara wa juna sani. Mun rubuto maku shi kamar yadda aka gabatar, da ɗan taƙaitawa. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzonsa (SAW) da iyalan gidansa da sahabbansa, 'yan'uwa, abin da aka nemi mu yi magana a kai yau shi ne wata allura da ake kira Botox, wadda ake tsira wa mutum a fuska domin wai ta ɗaga fatar da ta saki, ta share tamoji, ta mayar da dattijo kamar saurayi, ta mayar da dattijuwa kamar budurwa.

Na san wani a cikinku yana cewa a ransa, to mu me ya haɗa mu da wannan, mu da ko gemu bai gama cika mana ba? Ai wannan maganar matan masu kuɗi ce a Turai. To, ɗan'uwa, abin ya riga ya wuce nan. A yau akwai asibitocin gyaran fata a Legas da Abuja da ke yin wannan allura, tallarta kuma tana cikin wayar da ke aljihunka. Masu sayar da ita sun daɗe da gane cewa tsofaffi kaɗai ba za su ishe su ciniki ba, don haka yanzu 'yan shekara ashirin da 'yan kai suke yi wa talla, maza da mata, suna cewa ka fara tun yanzu kafin tamojin ya fito. Sannan gobe kai ne mijin da za a tambaya izini da kuɗi, kai ne wan da ƙanwa za ta nemi shawararsa. In ba ka san abin ba, ko dai ka yarda bisa jahilci, ko ka hana bisa jahilci, duka biyun kuwa ba su dace da mai neman ilimi ba. Saboda haka bari mu san ta tun daga tushe, sannan mu zo kan hukunci.

ASALINTA GUBA CE

Akwai wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani wadda masana ke kira Clostridium botulinum. Tana nan a cikin ƙasa ko'ina a duniya, a kwance kamar irin shuka a lokacin rani, ba ta komai. Amma da zarar ta samu kanta a wurin da iska ba ta shiga, kamar cikin gwangwanin abinci da ba a dafa da kyau ba, ko naman da aka ɗura aka rufe, sai ta farka ta fara hayayyafa tana fitar da guba. Wannan gubar ita ce mafi ƙarfi da ɗan Adam ya sani zuwa yau. Masana sun ƙiyasta cewa giram ɗaya tak nata, da za a iya watsa shi daidai a iska mutane su shaƙa, zai iya kashe mutum fiye da miliyan ɗaya.

Jamusawa ne suka fara shan wuyarta a rubuce. Suna da wani abinci da suke yi da niƙaƙƙen nama da jini, su ɗura cikin hanji ko tumbin dabba su ajiye. A shekarar 1793, a wani gari mai suna Wildbad, mutum 13 suka ci irin wannan abinci, 6 suka mutu. Wani likita a yankin, Justinus Kerner, ya bi diddigin cutar tsakanin 1817 da 1822, ya rubuta alamominta dalla-dalla: ido ya riƙa ganin abu biyu-biyu, fatar ido ta faɗo, baki ya bushe, haɗiya ta gagara, sannan jiki ya shanye daga sama zuwa ƙasa har numfashi ya tsaya, alhali mutum yana cikin hankalinsa. Sunan cutar ma daga nan ya samo asali, domin botulus a harshen Latin shi ne wannan ɗurarren nama. Abin mamaki, tun a wancan lokacin wannan likita ya yi hasashen cewa wata rana ɗan kaɗan daga wannan guba zai iya zama magani ga masu ciwon da ke sa jiki motsi ba da son mai shi ba.

Ita kanta ƙwayar ba a gano ta ba sai bayan abin da ya faru a 1895 a ƙauyen Ellezelles na ƙasar Beljiyam. Wasu makaɗa ne suka dawo daga jana'iza suka ci naman alade mai gishiri, mutum 34 suka kwanta, 3 suka mutu. Wani malamin jami'a, Emile van Ermengem, ya binciki ragowar naman ya ciro ƙwayar. Kafin mu wuce, ga fa'ida biyu da suka shafi gidajenmu kai tsaye. Duk gwangwanin abincin da ka ga ya kumbura, jefar da shi, kar ka ce bari in ɗanɗana. Sannan likitoci sun hana ba jariri zuma kafin ya cika shekara ɗaya, domin irin wannan ƙwaya yakan kasance a cikin zuma, hanjin jariri kuwa bai yi ƙwarin da zai hana ta tsiro ba. Ku isar da wannan gida.

DAGA BARIKIN SOJA ZUWA ASIBITIN IDO

To yaya aka yi gubar ruɓaɓɓen nama ta shiga kwalbar likita? Ta hanyar yaƙi ta bi. A lokacin yaƙin duniya na biyu, sojojin Amurka sun tara masana a wani sansani mai suna Detrick a jihar Maryland domin binciken makamai masu yaɗa cuta, a can ne aka tace gubar tsantsa a 1946. Wasu ma sun bi sahu daga baya. Gwamnatin Iraƙi ta amsa a 1995 cewa ta haɗa lita 19,000 na wannan guba domin makami. Wata ƙungiyar asiri a Japan mai suna Aum Shinrikyo ta yi ƙoƙarin fesa ta a kan jama'a a farkon shekarun 1990, Allah bai ba su nasara ba.

Ɗaya daga cikin masanan wancan sansani, Edward Schantz, shi ne ya riƙa ba masu bincike gubar da ya tace. Cikin waɗanda suka karɓa akwai wani likitan ido a San Francisco, Alan Scott, wanda ke neman hanyar gyara harara-garke ba tare da fiɗa ba. Ka san abin da ke kawo harara-garke shi ne wata tsokar ido ta fi 'yar'uwarta ja. Sai ya ce, in aka raunana mai jan da ɗan ɗigon guba, ai ido zai daidaita. Ya gwada a kan birai, ya buga sakamakon a 1973, daga baya aka gwada a kan mutane, kuma ya yi aiki. A Disamban 1989 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato takwarar NAFDAC ɗinmu, ta amince da shi a matsayin maganin harara-garke da kuma wani ciwo da ke sa fatar ido ta riƙa damƙewa da kanta har mutum ya kasa gani alhali idonsa lafiya lau. A 1991 kamfanin Allergan ya saye maganin, shi ne ya sa masa suna Botox.

Ku riƙe wannan da kyau, 'yan'uwa, domin za mu dawo kansa wajen hukunci. Har gobe wannan allura magani ce ta gaske ga bayin Allah masu yawa. Ana yi wa wanda wuyansa ya murɗe ya karkace, da yaron da ƙafafunsa suka sandare saboda lalurar ƙwaƙwalwa, da wanda shanyewar ɓarin jiki ta damƙe masa hannu. An amince da ita ga mai zufar hammata da ta wuce kima a 2004, da mai ciwon ɓarin kai da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a 2010, da wanda mafitsararsa ba ta riƙe fitsari. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ajiye waraka a cikin abin da ya fi komai kisa. Sirrin kuwa yana cikin awo. 'Yar kwalba mai awo 100 ba ta ɗauke da gubar da ta wuce kusan kashi 5 cikin biliyan na giram.

Shigarta harkar kwalliya kuwa tsintuwa ce. A 1987 wata likitar ido a birnin Vancouver na Kanada, Jean Carruthers, tana yi wa marasa lafiya allurar saboda damƙewar fatar ido, sai aka lura layukan da ke tsakanin girarsu sun ɓace. Mijinta likitan fata ne. Suka haɗu suka bincika, suka buga a 1992. A Afrilun 2002 hukumar Amurka ta amince a yi ta domin share tamojin tsakanin gira, a 2013 ta ƙara da na gefen ido, a 2017 na goshi, a 2024 kuma jijiyoyin wuya. Daga nan kasuwa ta buɗe.

SHIN DA GASKE TANA ƊAGA FUSKA?

Nan ne ake rufe mutane, don haka mu tsaya sosai. Duk motsin da ka yi, ko murmushi ne ko ɗaure fuska, ƙwaƙwalwa ce ke aiko saƙo ta jijiya zuwa tsoka. Tsakanin bakin jijiyar da tsokar akwai ɗan rata, sai jijiya ta tofa wani sinadari mai suna asetilkolin, shi ne ɗan aiken da ke cewa tsoka ta ja. Abin da gubar ke yi shi ne ta shiga bakin jijiyar ta datse abin da ke buɗe wa ɗan aiken ƙofa. Ƙwaƙwalwa tana ta aike, saƙo ba ya isa, tsoka ta kwanta. A taƙaice, shanyewa ce ake saye da kuɗi, sai dai ƙarama ce kuma a wuri ɗaya. Tana fara nunawa bayan kwana uku zuwa biyar, ta kai ƙarshen ƙarfinta cikin mako biyu, sannan bayan wata uku zuwa huɗu jijiya ta gyara kanta, motsi ya dawo, tamoji ya dawo inda yake.

To tamoji iri biyu ne. Akwai wanda motsi ke kawowa, kamar layukan da ke fitowa in ka haɗe gira. Wannan kam in an kwantar da tsokar yakan lafa, gaskiya ne. Amma sakin fuska wani abu ne daban. Abin da ke sa kumatu su zubo, fatar muƙamuƙi ta yi reto, shi ne abubuwa da dama da ke tafiya tare a hankali. Zaren da ke riƙe fata ya ba ta tauri, wanda ake kira kolajin, yana raguwa kowace shekara tun mutum yana cikin samartaka. Kitsen da ke cika kumatu yana raguwa, wanda ya rage kuma yana gangarowa ƙasa. Igiyoyin da suka ɗaure fata da ƙashi suna saki. Shi kansa ƙashin fuska yana zaizayewa, musamman kewayen ido da muƙamuƙi, balle in haƙora sun zube. Ga zafin rana, ga hayaƙin taba ga mai sha, suna ƙara wa abin gudu.

Yanzu ku duba, a cikin duk waɗannan wanne ne shanyar da tsoka zai gyara? Babu. Gubar ba ta ƙara kolajin, ba ta mayar da kitse, ba ta gina ƙashi. Kamar rumfa ce da ginshiƙanta suka ci, zanan ya loma, sai ka zo kana shafe saman zanan da hannu.

Abin da suke kira ɗagawa dabara ce ƙarama. A fuska akwai tsokoki masu ja sama da masu ja ƙasa, kamar masu jan igiya. In aka raunana masu ja ƙasa, sai masu ja sama su ɗan rinjaya. Ta haka ake ɗaga wutsiyar gira, amma da milimita ɗaya zuwa uku kawai, wato bai fi kaurin tsinken ashana ba. Haka nan akwai wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka a wuya mai jan muƙamuƙi ƙasa, in aka tsira mata allura layin muƙamuƙi yakan ɗan fito. Wannan sun sa mata sunan Nafartiti, matar wani Fir'auna da ta yi suna da kyan wuya, domin sunan ya ja masu saye. Su kansu likitocin fata masu gaskiya suna gaya wa mai zuwa cewa wannan tana amfani ne ga wanda sakinsa bai yi nisa ba. In fata ta riga ta zube, allura ba ta da abin yi, sai dai su ce a ɗura wani abu ƙarƙashin fata ya cika ramin, ko a yi fiɗa a yanke fata a ja. Ka ga ke nan ƙofa ɗaya ce ke buɗe wata.

GARIN NEMAN GIRA

Adalci shi ne mu faɗa cewa in ƙwararren likita ya yi ta da magani na gaske a kan awo, mafi yawan mutane ba sa ganin abin da ya wuce ɗan kumburi ko ciwon kai. Amma fuska wuri ne mai cunkoso, tsokoki kusa da kusa. In ruwan allurar ya ɗan gangara, fatar ido takan faɗo ta rufe rabin ido na makonni. In aka cika wa goshi, girar da ake son ɗagawa ita ce za ta sauko, domin tsokar goshi ce ke riƙe da ita. In aka yi kuskure kusa da baki, murmushi ya karkace, miyau ya riƙa zuba. In a wuya ne, haɗiya ta yi wuya. Kuma babu wata allura da za a yi ta warware nan take, sai haƙuri har gubar ta ƙare da kanta. Hausawa suka ce garin neman gira an rasa ido, to a nan ba karin magana ba ce kawai. A 2009 hukumar Amurka ta tilasta wa kamfanonin su buga gargaɗi mafi tsanani a kan kwalin, cewa gubar tana iya bazuwa daga inda aka tsira ta, ta taɓa haɗiya da numfashi.

Wannan fa a hannun ƙwararru ke nan. Ina ga an bar su? A 2004 a jihar Florida ta Amurka, wani likita da aka riga aka dakatar da lasisinsa ya sayo gubar da aka yi domin gwaji a ɗakin bincike, ya tsira wa kansa da wasu mutum uku. Dukkansu huɗun suka shanye, aka sa su a na'urar taimakon numfashi, aka daɗe ana jinya. A 2023 mutum fiye da 60 suka kamu da cutar bayan an yi masu allurar a tumbi a wasu asibitoci a Turkiyya, wai don su rame. A 2024 hukumomin Amurka suka yi shelar cewa mutane a jihohi da dama sun kwanta bayan an yi masu jabun Botox a gidaje da shagunan kwalliya. A tsakiyar 2025 aka samu kusan mutum 40 a Ingila da alamomin cutar bayan allurar kwalliya da maganin da ba shi da rajista.

To ku yi tunani. Waɗannan ƙasashe ne masu tsauraran hukumomi da gadajen jinya masu na'urar numfashi, amma jabu ya shiga. Mu da muka san yadda jabun maganin zazzaɓi ke yawo a kasuwanninmu, muka san yadda wuta ke ɗaukewa alhali wannan magani sai a cikin firiji ake ajiye shi, me kuke zato in wata mai shagon gyaran gashi ta ce ta iya, kuma a rabin kuɗi? Araha ba ta ado. Duk wanda aka yi wa irin wannan allura ya fara ganin abu biyu-biyu, ko murya ta canza, ko haɗiya ta fara yi masa wuya, a garzaya da shi babban asibiti a take, a gaya wa likita gaskiyar abin da aka yi, domin maganin karya gubar yana hana ta ci gaba ne kawai, ba ya mayar da abin da ta riga ta shanye.

FUSKAR HAYA

Yanzu mu dubi kasuwar. Ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta duniya ta ƙidaya cewa a shekarar 2023 kaɗai an yi wannan allura kusan sau miliyan 9, ita ce ta ɗaya a duk ayyukan kwalliyar da ba na fiɗa ba. A 2020 kamfanin AbbVie ya saye Allergan a kan kusan dala biliyan 63, Botox kuwa yana cikin manyan abubuwan da suka sa ya biya wannan kuɗi.

Me ya sa take da riba haka? Saboda ba ta daɗewa. Abin da yake aibi ga mai saye shi ne jarin mai sayarwa. Yi lissafi da kanka. Wanda ya fara yana ɗan shekara 25, yana komawa sau uku a shekara, kafin ya kai 65 ya je sau 120, kowane zuwa da kuɗinsa. Ranar da ya daina, tsufan da ya gudu yana nan yana jiransa a bakin ƙofa. Bai sayi ƙuruciya ba, haya ya kama, mai gida kuma yana zuwa karɓar kuɗi duk wata huɗu. Tsokar da aka daɗe ana kwantarwa takan rame, wasu kuma jikinsu yakan saba har allurar ta daina kama su.

Kafin a sayar maka da irin wannan haja dole a fara sa ka tsani fuskarka. Wannan aikin kuwa wayar hannu ta ɗauke wa 'yan talla. Kana buɗe Instagram ko TikTok fuskoki ne sumul da na'ura ta tace, ba tabo ba layi, har mai hoton kansa in ya dubi madubi sai ya ga baƙo. Abin ya kai yara ƙanana suna neman allurar, sai da Ingila ta yi doka a Oktoban 2021 ta haramta yi wa wanda bai kai shekara 18 ba domin kwalliya. Kuma kar wani ya ce ai cutar Turawa ce. A Saudiyya, a gasar kyan raƙuma ta Sarki Abdul'aziz, an kori raƙuma 12 a 2018, aka kori fiye da 40 a 2021, saboda masu su sun yi masu Botox da makamantansa a leɓɓa da hanci don su ci kyautar miliyoyi. Raƙumi, bawan Allah, bai san hawa ba bai san sauka ba. Mu ma nan mun san wannan ciwo tun kafin allurar ta iso, man bilicin da ke cin fatar 'yan'uwanmu mata, har da wasu samari, ai uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

ME MALAMAI SUKA CE?

Ƙa'idar da malamai suka ɗora wannan babi a kai ita ce bambancewa tsakanin gusar da aibi da neman ƙarin kyau ta hanyar canza halitta. Hujjar ɓangaren farko sananniya ce. Sahabi Arfajatu ɗan As'ad an yanke masa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah (SAW) ya ba shi izini ya sa na zinare, duk da cewa zinare haramun ne ga maza. Saboda haka mai harara-garke, da mai murɗaɗɗen wuya, da wanda ciwo ya karkatar masa da baki, in likita ya ce wannan allura ce maganinsa, ya yi abinsa ba tare da ɗar-ɗar ba, kuma kar wani ɗan'uwa ya ji sunan Botox ya hana mahaifiyarsa magani. Wannan kuskure ne da zafin kai kan jawo.

Ɓangare na biyu kuwa, Alƙur'ani a cikin Suratun Nisa'i ya ba mu labarin cewa cikin alwashin da Shaiɗan ya sha har da sa mutane canza halittar Allah. A Sunna an la'anci masu goge haƙora su buɗe tsakaninsu don ado, malamai kuma suka bayyana cewa tsofaffin mata ne kan yi haka don a zaci yara ne. An kuma hana tsige furfura, amma aka yarda a rina ta da lalle. A kan wannan ne Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 18 da ta yi a Putrajaya ta Maleshiya a 2007, ta yanke cewa bai halatta a cire tamoji ta hanyar fiɗa ko allura ba, sai in ya zama na ciwo ne, kuma da sharaɗin babu cutarwa. Majalisar fatawa ta Maleshiya ma tun a 2006 ta hana Botox don kwalliya, ta bar ƙofa ga magani. Akwai kuma malaman da suka sauƙaƙa, suna cewa tunda ba ta dawwama ta fi kama da ado irin su kwalli da lalle, muddin babu cutarwa, babu almubazzaranci, babu kuma yaudarar mai neman aure. Saɓani ne na ilimi, wanda abin ya shafe shi ya je ga malamin da ya amince da iliminsa da tsoron Allahnsa. Amma ku lura, ko masu sauƙaƙawar ba wanda ya yarda a miƙa fuska ga wanda ba likita ba, ba kuma wanda ya yarda a ɓoye shekaru a cuci wani.

NAMU RABON

Zan ƙare da abin da ya shafe ku ku da kanku, domin ya fi sauƙi mu zauna mu zagi mata da Turawa mu tashi. Mace ba ta zuwa a tsira mata guba a fuska haka kawai. Sau da yawa tsoro ne ke kai ta, tsoron ranar da mijin da ta haifa wa 'ya'ya biyar zai dube ta ya ce ta tsufa, ko ya riƙa gwada ta da hotunan da ya kwana yana kallo. Ashe kasuwar nan idon namiji ne ke ciyar da ita. Saurayin da bai koyi runtse ido tun yanzu ba, ya cika kansa da fuskokin da na'ura ta ƙera, gobe ba wata 'yar Adam da za ta gamsar da shi, ko da kuwa ya auri wadda ta fi kowa kyau a garin, domin ita ma shekaru za su bi ta kanta kamar yadda za su bi ta kansa.

Ku dubi fuskar iyayenku mata in kun koma gida. Layukan nan da kuke gani, wani na daren da kuka kwana da zazzaɓi ne, wani na hayaƙin murhu ne, wani na kuɗin makaranta ne. Addinin da ya umurce mu da girmama mai furfura bai bar mana hanyar ɗaukar tsufa a matsayin cuta ba. Allah Ta'ala ya gaya mana matakan tun farko: rauni, sannan ƙarfi, sannan rauni da furfura. Ku yanzu kuna mataki na tsakiya, kuma shi ne wanda za a tambaye ku a kansa, a me kuka ƙarar da shi.

Wanda yake son fuskarsa ta daɗe da kyau, Musulunci bai hana shi ba, tsafta da ado a cikin iyaka abin so ne. Hanyoyin da likitoci suka tabbatar kuwa ba su da tsada: ka nisanci taba da shisha, ka kare fuskarka daga ƙunar rana, ka samu isasshen barci, ka ci ganye da 'ya'yan itace, ka bar man da ke ɗaye fata. Waɗannan suna jinkirta sakin, ba sa hana shi, kuma babu abin da ke hana shi. In aka zo maka da maganar allura a gida, tambaya ta farko ita ce, ciwo ne ko gudun tsufa? In ciwo ne, ka kai ta wurin likitan da ya san aikinsa ka biya. In gudun tsufa ne, ka fara duba bakinka da idonka, wataƙila kai ne ka kora ta.

Allah ya ba mu tsawon rai mai albarka, ya kyautata halayenmu kamar yadda ya kyautata halittarmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.